Jinin Da Kaka Ya Tsaya Wa

Ban samu jana'izar Kaka ba. Ya cika da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar, ni kuma saƙon bai same ni a birni ba sai da rana ta yi sanyi. Washegari na iso Anka, na tarar ƙofar gida cike da tabarmi da takalma, maza sun zauna har bakin hanya. Na sunkuyar da kai na ratsa ta gefensu, sai na ji gaisuwar da ake yi ta ɗan tsaya. Ban ɗaga ido ba, amma na san ni ake kallo.

A cikin gida kowa da irin kukansa. Tsohuwar da ke dama fura a bakin kasuwa tana maimaita wa duk wadda ta shigo cewa shekara da shekaru bai taɓa wuce ta ba sai ya tsaya ya ce furarta ta yi tsami, sannan ya saya. Wasu matan Fulani sun zo daga rugagen wajen Bukkuyum da ƙoren nono, suka ajiye a tsakar gida suka zauna shiru, ba su ce na sayarwa ba ne, ba su ce kyauta ba ne. Inna, 'yarsa ta fari kuma mahaifiyata, ba ta yi kuka a gabana ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinsa da sandarsa a kan cinya, tana shafa wurin da hannunsa ya goge har ya yi santsi. Da na durƙusa na yi mata gaisuwa sai ta ce, "Kin iso? Tahi ki ga kawunki, da magana."

Kawu ƙanen Inna ne, shi ne babban ɗan Kaka namiji. Ya ja ni gefe ya gaya min abin da ya faru a wurin salla. Kamar yadda aka saba, kafin liman ya tayar da kabbara, ya juya ya ce duk wanda ke bin mamaci wani abu ya faɗa, 'ya'yansa za su ɗauka. Ba wanda ya yi tsammanin jin murya. Sai ga Baffa, aminin Kaka tun suna samari, ya dogara sandarsa ya fito daga sahun gaba.

"Ni ina bi nai," in ji shi. "Amma ba kuɗɗi ba. Magana ta."

Kawu ya dube ni ya ce, "Na ce na ɗauka, don ba a barin gawa tana jira. Amma ke kin san ban iya biya. Ke ɗai ka iyawa."

Na san maganar. Ta dalilina Kaka ya ɗauke ta, kuma da nauyinta ya tafi. Shi ya sa nake rubuta wannan, don yaran gidanmu da ba su san shi ba sai yana jan ƙafa su san wane irin mutum ne muka binne.

Kaka dillalin shanu ne tun kafin a haifi Inna. Wanda bai san sana'ar ba yana ɗauka aikin dillali shi ne ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa. Wannan shi ne ƙaramin aikin, babban shi ne tsayawa. Baƙo zai koro saniya daga daji, ba wanda ya san shi, ba wanda ya san ko tasa ce ko ta sata. Mai saye ba zai taɓa igiyarta ba sai wani sananne ya ce ya tsaya wa baƙon. In magana ta taso daga baya, ba baƙon za a nema ba, wanda ya tsaya za a kama. Kaka ba ya saurin tsayawa. Sai ya zaunar da mutum ya ce, "A sha ruwa tukuna," sannan ya yi ta jan sa da hirar da ba ta shafi saniya ba, wane rafi ya ƙetare, wa ya rasu a rugarsu bara. In ya gamsu sai ya miƙe ya dafa tozon saniyar ya ce, "Ni nat tsaya." Daga Gummi har Anka, in aka ji wannan daga bakinsa, ciniki ya faɗa.

A wannan sana'ar ya san Baffa, Bafillace ne da ya koro sa guda yana saurayi, ba wanda ya yarda da shi sai Kaka. Daga ranar suka ƙulla. Da Baffa ya gaji da yawon kiwo ya zauna a gefen gari bayan rafi, kullum da la'asar za ka same su a gindin ceɗiyar bakin kasuwa suna musu. Kaka ya ce Baffa ya fi son shanunsa a kan 'ya'yansa, Baffa ya ce Kaka bai taɓa mallakar ko akuya ba amma ya fi kowa bakin magana a kan dabbar mutane. Goro ɗaya suke rabawa, kowa yana ƙorafin an ba shi ƙaramin ɓari.

Yawon kasuwanni ne ya cinye masa gwiwoyi. Da ƙafa yake bin shanu daga wannan kasuwa zuwa waccan, rani da damina, kuma ko da babura suka cika gari bai yarda ya hau ba, wai abin da ba ya cin ciyawa ba abin yarda ba ne. Kafin in girma ƙafafunsa sun gwame. In zai tashi daga tabarma sai ka ji ƙara tun daga ƙofar ɗaki, a sujada kuwa sai ya miƙe ƙafa ɗaya gefe, ya daɗe kafin goshinsa ya kai ƙasa. Mahauta sun san shi da son guringuntsi, suna ajiye masa. Ya zauna yana gurgura da 'yan haƙoran da suka rage yana cewa gwiwa yake aika wa saƙo.

Ni ce jikarsa mace ta fari, don haka ni ce amaryarsa. Bai taɓa kiran sunana ba. In na dawo hutu sai ya ce ga amaryar da ta guje shi ta auri takarda, ni kuma in ce wa zai zauna da angon da sai an ɗaga shi. Ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya laluba aljihu ya ba ni dabinon da ya kwana biyu a ciki.

Shekarar da aka koma mulkin farar hula na fara digiri na biyu a fannin gwaje-gwajen asibiti, a ƙarƙashin wani malami mai bincike a kan ciwon gaɓɓai. Aikin da ya ba ni yana buƙatar jinin tsofaffi masu ciwon gwiwa, irin waɗanda suka yi rayuwarsu a kan ƙafa. Ban yi dogon tunani ba na ce ina da su a garinmu, gindin bishiya guda.

Da na zo wa Kaka da maganar, ina jiran ya tsokane ni, sai na ji ya ce, "A sha ruwa tukuna." Nan na gane yau ba amarya ba ce a gabansa, baƙuwa ce ta koro saniya. Na sha ruwan na yi masa bayani. Na ce guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashin gwiwa, in yana cinyewa, ɓurɓushinsa yakan zubo cikin jini. A cikin ɓurɓushin akwai wani sinadari dangin sukari da ake kira keratan salfet. Kowa yana da ɗan kaɗan a jininsa, muna so mu ga ko na masu ciwo ya fi yawa. Ido ba ya ganinsa. Abin da ke gano shi wani ruwa ne mai suna antibodi, ana samar da shi daga jikin ɓera a ƙasashen waje, a aiko da shi cikin ƙanƙara a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Duk tarkacen da ke cikin jinin mutum, wannan ruwan ba ya kama komai sai wannan sinadarin.

"Kusu?" in ji Kaka, don haka ake kiran ɓera a wajenmu. "Duk shanun da sunka bi ta hannuna, sai kusu ka hwaɗa min ciwona?"

Ya yi dariyarsa ya gama, sannan ya juya maganar a ransa ya ce, "Awa Bafillace kenan, shi shiga garken mutane shi hiddo saniya tai ita ɗai."

"Haka ne, Kaka."

"Shina magani?"

"A'a. Ganowa kawai yake yi."

"To mi amfani nai?"

Na ce sai an san yadda abu ke cinyewa kafin a san yadda za a tare shi, kuma wataƙila ba su ne za su amfana ba, sai na bayansu. Ya tambaye ni ina za a ajiye jinin, wa ke riƙe da makullin ɗakin, malamin nawa yana salla ko ba ya yi, in ba ya yi yana da amana. Ya tambayi abin da za a yi da ragowar. Da ya gama ya ce, "Ba ki yi min daɗin baki ba. Gobe mu tai gindin ceɗiya."

Tsofaffin ba su so ba, kuma ban ga laifinsu ba. A wurinmu jini ba abin miƙa wa kowa ba ne. Ko wanzami ya yi wa mutum ƙaho, ba a barin jinin a fili, rami ake tonawa a binne. Yanzu ga yarinya da sirinji tana cewa za ta tafi da shi birni. Wani ya ce an ji labarin inda ake sayar da shi, wani ya naɗe tabarmarsa. Kaka bai yi musu da kowa ba. Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo min, na ɗiba a gabansu. Sannan ya dafa sanda ya miƙe, gwiwoyin suna ƙara, ya ɗora hannu a kaina kamar yadda yake ɗorawa a tozon saniya.

"Ba a saida shi," in ji shi. "Kowa za a hwaɗa mai abin da jini nai yac ce. Abin da yar rage a maido mai shi bizne abu nai. Ni nat tsaya mata."

Baffa ne ya fara miƙo hannu bayansa, yana kawar da kai don ba ya son ganin allura. Mutumin da ya sha fama da kura a daji ya runtse ido kamar yaro, Kaka yana yi masa dariya. Sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya. Na kai jinin ɗakin gwajin asibitin gari, wani inji ya juya shi ya rabu biyu, jan ya kwanta a ƙasa, ruwa mai kalar ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwan nake buƙata. Na nuna musu da idonsu, na zuba na kowa a 'yar kwalbarsa da lamba. Jan kuwa Kaka ya karɓa, shi da Baffa suka je bayan gari suka binne. Na koma birni da kwalaben a cikin kula mai ƙanƙara, ina cewa kafin damina ta ƙare na dawo da amsa.

Antibodin ya mutu a hanya. An aiko shi, kunshin ya maƙale a wani wuri kwana da kwanaki, ya iso hannunmu ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Muka gwada, bai kama komai ba. Neman wani ba abu ne na yau da gobe ba, sai malamina ya sake neman tallafi, kafin ya samu aka shiga yajin aiki aka rufe makaranta. Jinin dai yana nan daskare a firiji, sinadarin da muke nema ba ya saurin lalacewa. Abin gano shi ne babu.

Na zo gida da salla na gaya wa Kaka ina kuka. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ya mutu bisa hanya? Saniya ma tana mutuwa bisa hanya. Jinin hwa?"

"Yana nan."

"To shahe hawayenki, kina ɓata min kwalliyar amarya."

Na ce zan je gindin ceɗiya in yi musu bayani da kaina. Nan ne kawai ya ɗaga min murya. Ya ce ba a tura baƙo ya amsa tambaya, wanda ya tsaya shi ke magana, in koma in yi karatuna. Na koma. Abin da nake ji daga gare shi bayan wannan duk wasa ne. Duk direban da zai zo birni daga tasharmu sai ya tsaya ya ce min, "Tsohon ya ce in tambai amarya, mi jinina yac ce?" Ni kuma in ce a gaya masa jininsa ya ce ya rage cin goro. Ban san abin da yake tarewa da ƙirjinsa ba sai bayan rasuwarsa, da Inna ta zaunar da ni ta ba ni labari.

Damina biyu ta wuce, ta uku ta kama. A cikin tsofaffin wani ya rasu, wani ya bi shi, kamar yadda tsofaffi ke rasuwa. Sannan Baffa ya faɗi a ƙofar gidansa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. 'Ya'yansa suka ce tun ranar da aka ɗebi jininsa bai ƙara jin daidai ba. Magana ta shiga kasuwa, cewa jikar dillali ta sayar da jinin tsofaffi, da kuɗin take karatu. Ba wanda ya faɗa wa Kaka a ido. Wata ranar kasuwa wani baƙo ya koro karsana, Kaka ya shayar da shi ruwa ya yi masa tambayoyinsa, ya miƙe ya dafa ta ya ce ya tsaya. Mai sayen, yaron da Kaka ya san ranar sunansa, ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ko za a ƙaro wani shi tsaya?"

Inna ta ce ranar ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya rataye igiyarsa a ƙusa, bai sake zuwa kara, kasuwar shanu, ba. Ta ce masa ya bari a kira ni, ya ce duk wanda ya gaya min bai yafe ba.

Abin da ya fi cin ransa ba kasuwa ba ce, Baffa ne. Baffa ya samu sauƙi har yana jan ƙafa da sanda, yana zuwa masallacin Juma'a, amma bai ƙara zuwa gindin ceɗiya ba. Wata safiya Kaka ya ce zai je gidansa. Kawu ya fito da babur, Kaka ya ce wanda zai je amsa maganarsa ba ya zuwa a ɗauke. Hanyar ba ta da nisa ga mai lafiya, shi kuwa ta cinye masa safiya, yana tafiya yana zama a kan kututture, Kawu yana bin sa daga nesa. A gangaren rafi sai da ya sauka da mazaunai. Kawu ya ce ya juya baya don kada tsohon ya san an gan shi.

Ya iske Baffa a inuwar rumbu. Suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a mota.

"Ka yarda ta saida?" in ji Kaka.

"Ban ce ta saida ba. Ban ce ba ta saida ba," in ji Baffa. "Kai kac ce za a hwaɗa min, za a maido min. Ina?"

"Tana tahe."

"Shekara nawa tana tahe? Ɗiyana na min kallon wanda anka yi wa wayo, ni ko ban da abin da za ni ce musu."

Kaka ya dube shi. Sannan ya ce, "In nar riga ka tahiya ba ta kawo ba, ka tashi gaban gawata ka hwaɗi kana bi na. Kada ka ji kunyar kowa."

"Ina hwaɗi," in ji Baffa.

Kaka ya dafa sanda ya kama hanyar gida. Wannan ce maganarsu ta ƙarshe, mutanen da suka raba goro tun gashinsu yana baƙi.

Antibodi na biyu ya iso da ransa, da sanyinsa. Ranar na aika direba ya gaya wa angona kusu ya iso. Inna ta ce ya sa aka ɗauko babbar rigarsa, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya yarda aka ɗora shi a babur, yana riƙe da Kawu yana salati, har gindin ceɗiya. Ya gaya wa waɗanda ya samu cewa abin ya iso, saura kaɗan. Wasu suka ce madalla, wasu suka kalli ƙasa. Baffa ba ya nan. Aikin kuma ba ya yiwuwa da gaggawa, ruwan ɗan kaɗan ne, sai an gwada an daidaita ma'auni kafin a taɓa jinin kowa. Ina cikin wannan aikin sai zazzaɓi ya kama Kaka, bai yi mako ba ya tafi.

A zaman makoki mata da yawa sun zagi Baffa, wai ya tozarta gawar amininsa a gaban jama'a. Inna ce ta tsawatar musu. Ta ce abin da mahaifinta ya ce ya yi shi ya yi, kuma da ya yi shiru, da shi ne ya mayar da tsohon maƙaryaci. Ni ma haka na gani, ko da yake duk lokacin da na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Bayan sadakar bakwai na koma birni na shiga ɗakin gwaji. Ana yin aikin ne a wani ɗan faranti na roba mai jerin ƙananan ramuka, kowane mutum da nasa. A irin hanyar da muke bi, ramin yakan yi kalar ɗorawa a ƙarshe, amma da sharaɗi. In sinadarin ya yi yawa a jinin mutum, shi zai riƙe antibodin tun farko, kaɗan ne zai rage ya ba da kala. Wato gwargwadon yawan ɓurɓushin, gwargwadon dusashewar ramin. Na ɗiga na kowa ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan kwalba mai lamba ta farko, ta Kaka. Mutumin yana ƙarƙashin ƙasa, ga ruwan jikinsa a hannuna yana narkewa. Na ajiye na fita waje na yi kukan da ban yi a Anka ba, na wanke fuska na dawo na ƙarasa.

Na dawo gida kafin sadakar arba'in da kula a hannu da hoton farantin. Kawu ya tara min tsofaffin a gindin ceɗiya, waɗanda suka rasu kuma 'ya'yansu suka zo. Na ja kowa gefe na gaya masa abin da aka gani, na damƙa masa 'yar kwalbarsa. Wani tsoho ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Wato gwiwata ta cinye? Ɗiyata, wanga ai na sani tun ba a haihe ki ba." Na ce gaskiya ne, Baba, yanzu dai mu ma mun sani. Ya yi dariya, ya ɗaure kwalbar a bakin rawaninsa. Yaron nan mai sayen karsana yana tsaye a bayan mutane, mahaifinsa yana cikin waɗanda suka rasu. Ya karɓi ta mahaifin da hannu biyu, ya kasa haɗa ido da Kawu.

Baffa bai zo ba, don haka muka je. Na ce wa Kawu ya bar babur. Muka bi hanyar da Kaka ya bi, Kawu yana nuna min kututturan da ya zauna a kai, har gangaren rafin. Muka iske Baffa a inuwar rumbun nan, 'ya'yansa biyu suna kusa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya yi min gaisuwar rashi.

Na gaya masa jininsa ya nuna gwiwoyinsa sun taɓu, amma daidai da shekarunsa. Faɗuwar da ya yi ba ta da alaƙa da ɗan abin da na ɗiba, hawan jini ne, kamar yadda aka gaya masa a asibiti. Na miƙa masa kwalbarsa. Ya ɗaga ta sama yana kallon ruwan a hasken rana, ya juya ya nuna wa 'ya'yansa. Sannan ya ce in nuna masa inda aka gani. Na ba shi hoton, na sa yatsa a kan raminsa. Ya bi jerin da ido a hankali, irin kallon da makiyayi ke yi wa garke, har ya tsaya a ramin farko, wanda kusan ba kala a cikinsa.

"Wanga ba a sa mai komi ba?"

"An sa, Baffa. Na Kaka ne."

Na yi masa bayanin abin da dusashewar ke nufi. Malamina zai ce kada in auna ciwon mutum da kalar rami ɗaya, kuma gaskiyarsa ne. Amma a duk farantin ba wanda ya kai shi, kuma wannan jinin an ɗebe shi ne shekaru kafin tafiyar da ya yi zuwa gidan nan. Na faɗa masa haka, don Kaka ya ce kowa a gaya masa gaskiya.

Baffa ya riƙe hoton da hannunsa mai lafiya. "Da gwiwoyin ga yat tako gidana," in ji shi. "Ko ruwa ban ba shi ba."

Hawaye suka bi ta cikin gemunsa, bai share ba. Can ya juya ga Kawu ya ce, "Sauke abin da kaɗ ɗauka. Ya biya. Gobe ni hwaɗi haka masallaci, inda nah hwaɗi waccan." Sannan ya dube ni. "Nashi hwa? An maido mai?"

Na buɗe kula. Kwalba ɗaya ce ta rage a ciki. Tun a mota nake tunanin yadda zan yi da ita, tunda mu mata ba mu shiga maƙabarta. Baffa ya miƙo hannu, na sa masa, ya rufe ta a tafinsa tare da tasa. Ya sa aka ɗauko masa 'yar fartanya da buta cike da ruwa, ya rataya, ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Ɗansa ya ce bari ya kawo babur, maƙabarta da nisa. Baffa ya ɗaga masa hannu. Muna tsaye muna kallonsa yana jan ƙafar hagu, ya sauka gangaren rafi a hankali, ya hau ɗaya gefen, ruwan butar yana zuba a rigarsa.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa, Ya tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani.